BAYAN BIKIN YAYE ƊALIBAI, INA YARANMU SUKE DOSA?

(Jawabin da tsohon hedimastan firamaren cikin gari ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiya, washegarin Babbar Sallah)

 

Mai girma Hakimi, uban taro, Allah ya ja zamaninka. Shugaban Ƙaramar Hukuma, Liman da sauran malamanmu, dagatai da masu unguwanni, Shugaban Ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa waɗanda suka taso tun daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da Fatakwal domin yin Sallah a gida.

GABATARWA

Muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga dacewar a ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a kan halin da karatun yaranmu yake ciki. Mu ba masana ba ne. Iyakar abin da muke taƙama da shi shi ne mun sha ƙurar alli shekaru masu yawa, kuma da dama daga cikin waɗanda suke zaune a kan kujerun gaba a yau, mu muka kama hannunsu suka rubuta baƙin farko. Saboda haka idan magana ta yi zafi, a yi mana uzurin da ake yi wa uba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kowace shekara, da zarar 'yan ajin ƙarshe na sakandaren gwamnati sun ajiye alƙalamin jarrabawa, sai gari ya ɗauka: wane ya yi kandi, wance ta yi kandi. A ɗinka anko, a kafa rumfa, a ɗauki hotuna, yara su zane rigunan juna da tawada. Farin ciki ba laifi ba ne. Tambayar da muka zo da ita ɗaya ce: bayan an naɗe tabarmi an kwashe kujeru, ina waɗannan yara suke dosa?

WAIWAYE ADON TAFIYA

Mu 'yan zamanin shirin ba da ilimin firamare kyauta ne, wato UPE, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a shekarar 1976. Saboda buƙatar malamai da shirin ya haifar, aka faɗaɗa kwalejojin horon malamai, aka kwashe irinmu daga ƙauyuka aka kai can. Shekara biyar yaro yake yi bayan firamare kafin ya sami takardar malanta mai daraja ta biyu. Ana ciyar da mu, ana ba mu littattafai, amma fa ba a ba mu takarda sai mun fita gwajin koyarwa, sufeto ya zauna a bayan aji yana duba shirin darasinmu layi-layi. Wanda ya fito daga wannan horo, ranar da ya karɓi takardarsa ya san aikin da zai yi da ita.

Daga baya aka shigo da tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba. Manufarsa mai kyau ce: yaron da ya gama shekara uku na farko a duba baiwarsa, mai kan karatu ya zarce, mai basirar hannu a karkata shi ga sana'a. Dattawa za su tuna da injunan koyon sana'a da aka riƙa rabawa makarantu a wancan lokaci, waɗanda da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatuna don babu wuta, babu mai koyarwa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Makarantu sun yawaita, alhamdu lillahi. A da, sai ɗan garin nan ya ɗauki akwati ya tafi makarantar kwana kafin ya ga sakandare. Yau ga ta a bayan gidansu. Abin da ya rage shi ne mu duba me take fitarwa.

MA'AUNIN DA AKE AUNA MU DA SHI

Domin amfanin iyayen da ba su saba da lamarin ba, bari mu yi ɗan bayani. Ɗalibin da ya gama aji shida yakan zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, ko ta NECO, wadda ta fara shirya tata a shekarar 2000. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallake rijiya da baya ne kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Ma'aunin da hukumomin nan suke bayyana sakamakonsu da shi shi ne kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Bayan wannan kuma sai jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, mai maki 400, wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta.

A 2024 WAEC ta ce kimanin kashi 72 cikin 100 na ɗalibai suka cika wannan ma'auni. A watan Agustan 2025 ta fara bayyana kashi 38, hankalin iyaye ya tashi, bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa an yi kuskure wajen ba da maki, ta gyara zuwa kusan kashi 63. Ko da gyararren lissafin muka ɗauka, cikin kowane yara 100, kusan 37 sun tashi a tutar babu. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a watan Mayun 2025 kuwa, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Mu lura, wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya, an haɗa har da makarantun kuɗi na manyan birane. To ina ga makarantar da malami ɗaya yake riƙe da Lissafi tun daga aji huɗu har aji shida?

KASHI UKU NA YARANMU

A iya lura da muka yi, yaran da ba su ci moriyar sakandare ba sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ba su ma kai ga ranar bikin ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san yadda sunaye suke zubewa tsakanin aji uku da aji huɗu. Yarinya an sa mata rana, yaro ya sami babur ɗin haya ko ya bi 'yan ci-rani zuwa kudu. Wani kuwa ya daure har aji shida, kuɗin rajistar jarrabawa ya gagari mahaifinsa. A wasu jihohi, irin su Kano, gwamnati takan yi jarrabawar tantancewa a aji biyar, ta biya wa waɗanda suka ci. Wanda bai ci ba, sai abin da gidansu suka iya.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka zauna jarrabawa, sakamako ya fito babu Turanci ko babu Lissafi. Su ne muke gani a tasha da bakin kasuwa da majalisun shayi. Sun fi ƙarfin fartanya a ganinsu, ofis kuma ya fi ƙarfinsu. Idan kakar zaɓe ta zo, su ake tarawa a bayan mota a ba su abin da zai gusar musu da hankali. Kowa a nan ya san gidan da wannan masifa ta shiga.

Kashi na uku su suka fi ba mu tsoro: masu takarda mai kyau, kai babu komai. Kwanakin baya muna zaune a ƙofar gida bayan sallar La'asar, wani saurayi, ɗan wani tsohon ɗalibinmu, ya zo ya durƙusa ya gaishe mu, ya miƙo sakamakonsa. Muka duba, sai ga kiredit reras, har da Turanci. Muka sa masa albarka, muka tambayi abin da ke tafe da shi. Ya ce so yake a rubuta masa takardar neman aiki. Muka ba shi takarda da biro, muka ce ya fara, ma gyara masa. Har aka kira Magariba bai wuce adireshi ba. Da muka matsa shi da tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce a wata makaranta ta wani gari aka yi masa rajista, inda ake rubuta amsa a kan allo, kuma mahaifinsa ya sayar da tumaki biyu kafin ya biya. Wallahi daren nan barci bai zo mana da wuri ba. Wannan uba ya ɗauka gata ya yi wa ɗansa, alhali kuwa ramin da ya haƙa masa yana jiransa a ɗakin kwamfutar JAMB, ko a gaban masu ɗaukar aiki.

INA BANGO YA TSAGE?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari mu fara da kanmu, mu malaman firamare. Yaron da ya bar aji uku na firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta jimla da Hausa ba, duk abin da za a ɗora masa daga baya gini ne a kan yashi. Amma haka ake ta tura shi gaba kowace shekara, don babu mai son a ce ɗansa ya maimaita aji, har ya isa sakandare yana kwafar abin da ke allo kamar mai zanen hula, bai san me ya rubuta ba. Malamin sakandare kuma manhaja yake bi, ba shi da lokacin komawa baya.

Na biyu, darajar malanta ta faɗi. Yau takardar NCE ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami, amma sau da yawa wanda ya rasa gurbi a ko'ina shi yake faɗawa kwalejin ilimi, ya fito yana koyarwa yana duban hanya. Wanda yake da kishin aikin kuma, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata.

Na uku, iyaye. Uba nawa ne a cikinmu ya taɓa buɗe littafin ɗansa ya ga ko malami ya sa jan biro? Taron iyaye da malamai, sai an ce za a kori yara sannan ake cika.

Na huɗu, a gafarce mu, ku ne 'yan'uwa mazauna birni. Kusan dukanku a makarantar gwamnati kuka yi karatu, a kan bencin garin nan. Yau 'ya'yanku suna makarantun kuɗi, ba mu kuma ga laifinku ba. Sai dai tun ranar da masu faɗa a ji suka janye 'ya'yansu, makarantar gwamnati ta zama marainiya. Rufi ya yaye babu mai buga waya, malami ya yi wata bai zo ba babu mai tambaya. Kada kuma mu ɗauka mun tsira. Yaron da muka bari a baya, shi ne maƙwabcin gidan da muke ginawa don ranar ritaya. Tsarin ba da gurbi a jami'o'in tarayya ya daɗe da ware kashi 20 cikin 100 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, amma gurbi ba ya amfanar wanda bai cika sharaɗi ba. Haka nan muna kukan matanmu ba su samun mace 'yar gari da za ta karɓi haihuwarsu a asibiti, alhali yarinyar da za ta zama ungozomar mun cire ta tun daga aji uku.

SHAWARWARI

Ba mu ce ƙungiya ta ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Amma akwai abin da hannunmu zai iya kaiwa.

1. A buɗe rajista ta musamman a ofishin ƙungiya. Kowace shekara a rubuta yawan waɗanda suka shiga aji ɗaya, da waɗanda suka kai aji shida, da sakamakonsu, da inda kowane ya nufa. A riƙa buga wannan a mujallar nan, mai daɗi da mara daɗi.

2. A kafa asusun biyan kuɗin jarrabawa ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, bisa sharaɗin yaro ya zauna jarrabawarsa a makarantarsa, ba a wata cibiyar sayar da amsa ba.

3. Ɗalibanmu da ke jami'o'i da kwalejoji su riƙa ba da darasin Turanci da Lissafi da Kimiyya a lokacin dogon hutu, ƙungiya ta ba su ɗan abin sabulu. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki alkawarin kula da karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, ba tare da ko kwabo ba, muddin ƙafa tana iya kai mu.

4. A samar da ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da wutar sola, domin kada ranar JAMB ta zama ranar da yaronmu zai fara taɓa kwamfuta.

5. Wanda karatun jami'a bai karɓe shi ba, a nuna masa hanyar kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB. 'Yan'uwa masu gareji da shagunan walda da ɗinki da gyaran waya a birni, kowa ya ɗauki yaro ɗaya a shekara.

6. Iyayen yara mata su sani aure ba ya hana karatu. A sa shi cikin sharaɗi tun wajen neman aure, ƙungiya kuma ta tallafa wa masu son shiga makarantun jinya da ungozoma.

7. Kowane reshe na ƙungiya ya wakilta mutum ɗaya a kwamitin kula da makaranta, wanda zai riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe, jama'a, abin da aka tara a ƙaddamarwar bara an gina ƙofar gari da shi, ta kuma yi kyau, Allah ya saka wa kowa da alheri. Roƙonmu shi ne abin da za a tara bana a zuba shi a kan yaran da za su riƙa shiga da fita ta wannan ƙofa. Idan Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, muna fatan Sakatare zai miƙe a wannan wuri ya karanta mana sunayen waɗanda aka yaye, ya kuma faɗa mana inda kowannensu yake.

Abin da muka faɗa daidai, daga Allah ne. Inda muka yi kuskure, daga gare mu ne, a yafe mana. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya shirya mana zuri'a, ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, ya mai da kowa gidansa lafiya.