IDAN BIRNI YA ISO ƘAUYENKU, WA KE DA IKON YANKA FULOTI?

Wannan shi ne jawabin da editan jaridar nan ya yi wa taron manoma da masu unguwanni a wani ƙauye da ke gefen birnin Kano.

 

Maganar da zan yi yau maganar ƙasa ce, wato gona da fili da gida. Duk wanda ke zaune a kewayen Kano ya san birni tafiya yake yi. Dattawan da ke nan sun san lokacin da ake noma dawa da gero da gyaɗa a Hotoro da Na'ibawa da Sheka da Ɗorayi da Rijiyar Zaki. Yau duk unguwanni ne, gida na jikin gida. Ƙidayar da aka yi a 1991 ta sami mutum miliyan 5 da dubu 800 a Jihar Kano. Ta 2006 ta sami miliyan 9 da dubu 400. Cikin shekara 15 an ƙaru da sama da mutum miliyan 3 da rabi, kuma kowannensu yana bukatar wurin kwana. Birnin ya shiga Kumbotso da Ungogo tuntuni. Yanzu ya miƙa ta hanyar Zariya wajen Dawakin Kudu, ta hanyar Haɗeja wajen Gezawa, ta hanyar Katsina wajen Dawakin Tofa.

Ban zo in ce muku kada ku sayar da gona ba. Wani bashi ya kama shi, wani zai aurar da 'ya, wani 'ya'yansa sun girma suna son wurin gini. Samarinmu ma da ke zaune can baya, da yawansu ɗaki suke nema su yi aure. Gari in bai ƙaru ba mutuwa yake yi. Abin da na zo faɗa shi ne, akwai shawarar da ake yankewa kafin a kafa turken farko a gona. Ina hanya za ta bi? Ina ruwan sama zai bi? Ina makaranta, ina maƙabarta, ina kasuwa? In ba ku yanke wannan shawara tare da hukuma ba, dillali zai yanke muku ita, shi kaɗai, da igiyarsa a hannu.

Bari mu fara da doka, don mu san wa ke da iko da me.

A watan Maris na 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Har yau da ita ake aiki, kuma an saka ta cikin tsarin mulki. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, amana ce yake riƙe wa jama'a. Sa'an nan ta raba ƙasa gida biyu. Akwai ƙasar birni, wannan gwamna ne ke kula da ita, shi ke ba da takardar mallaka. Akwai ƙasar karkara, wannan ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da takardar mallaka irin ta gargajiya, don noma ko kiwo ko gidan zama. Amma an yi mata iyaka. Ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ba, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar gwamna. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Dokar kuma ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin da zai riƙa ba ta shawara kan rabon ƙasa.

To ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Gwamna yana da ikon ya fitar da sanarwa a rubuce ya ce wuri kaza ya zama birni. Gonarka tana nan inda kakanka ya bar ta, ba ta motsa ba, amma daga ranar nan hukumar da ke da iko da ita ta canja. Takardar da ciyaman zai ba ka a kan wannan fili ba ta da ƙarfi, domin ikon ya koma wurin gwamna. Saboda haka tambayar farko da kowane gari zai yi a sakatariya ita ce: mu yanzu a ina muke, cikin ƙasar birni ko ta karkara? Gari da yawa ba su san amsar ba sai ranar da suka ga ma'auna sun sauka daga mota.

Shi kuma tsara gari, wato cewa nan gidaje, nan masana'anta, nan kasuwa, aikin jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya. A Kano, hukumar da ke wannan aiki ita ce Hukumar Tsara Birane, wadda ake kira KNUPDA, da can ana ce mata KASEPPA. Tsara gari ba sabon abu ba ne a nan. Tun zamanin Jihar Arewa wani Bature mai suna Trevallion ya zana wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Amma jama'a sun fi takarda sauri. Inda hukuma ba ta kai ga yanka fuloti ba, mutane sun yanka da kansu.

Wannan shi ne awon igiya, kuma kun fi ni saninsa. Dillali ya sayi gona, ya zo da igiya da turaku, ya yayyanka ta ƙafa 50 da 50, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ku yi lissafi tare da ni. Eka ɗaya, in ba a bar hanya ko kaɗan ba, fuloti 17 na ƙafa 50 da 50 ke fita cikinta. Duk hanyar da aka bari, da duk magudanar ruwa, fuloti ne ya ragu, kuɗi ne ya ragu a aljihun dillali. Don haka sai ya bar lungu wanda da ƙyar amalanke zai wuce. Shi ba a nan zai zauna ba. Ya karɓi kuɗinsa ya nufi gona ta gaba.

Waɗanda suka saya su ke zama da abin da ya bari. Gobara ta tashi, motar kashe gobara ta tsaya a bakin titi, ba hanyar shiga. Mace tana naƙuda da dare, sai an ɗauko ta a hannu zuwa inda mota ta iya tsayawa. An haƙa rijiya nan, maƙwabci ya haƙa masai a jikinta, domin fili ya yi kaɗan. Kududdufin da ruwan gari ke taruwa a ciki, an cike shi da shara an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Watan Agusta na zuwa sai ya shiga ɗakunan mutane. Yara sun yi yawa, ana son makaranta, babu fili. An yi rasuwa, maƙabartar da ta ishi ƙauye mai gida 200 ta cika, sai an ɗauki gawa zuwa wani gari. A ƙarshe in gwamnati ta zo fitar da titi, sai an rushe gidajen mutane, a yi ta kuka.

Ni a ganina laifin bai tsaya kan dillali ba. Sana'arsa yake yi, kuma talaka wurinsa yake samun fili da sauƙin kuɗi, abin da fulotin gwamnati bai cika ba shi ba. Laifin ya fi yawa a kan garin da ya zuba ido, da hukumar da ba ta zuwa sai an gama gini. Dokar 1978 ma ta hana mutum ya yayyanka gonar karkara fuloti-fuloti bisa ga son ransa, kuma ta ce sayar da filin gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma. Ana karya wannan kullum. Wanda ke kwana a ciki shi ne mai saye, wanda ya riƙe takardar ciniki kawai yana tsammanin takardar mallaka ce. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, ku adana ta. Amma ba ta kai ta hukuma ba.

To me ƙaramar hukuma za ta iya yi muku? Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta. A ciki akwai kafa maƙabarta da kula da ita, da kasuwa, da tashar mota, da mayanka, da ban-ɗakin jama'a. Akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba. Tana kuma da hannu a makarantar firamare da kiwon lafiya. Ku duba, duk waɗannan abubuwa fili suke ci. Ƙaramar hukuma ba za ta gina kasuwa a sama ba. In gari bai ware fili tun yana gona ba, ranar da kuɗin aiki suka zo sai a kai aikin wani gari. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Wannan ya ƙara muku bakin magana. Kansilan da kuka zaɓa, aikinsa ne ya kai kukanku majalisar ƙaramar hukuma.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ku zauna ku yi taron gari tun kafin ciniki ya yi nisa. Na san ba za a yi baki ɗaya ba. Samari fuloti suke so da filin ƙwallo. Dattawa suna son a bar gonaki. Iyaye mata ruwa suke so kusa, da asibiti, kuma su ne aka fi mantawa da su in an zo taro, alhali su ke ɗaukar tulu. Fulanin da ke maƙwabtaka da ku burtali suke so da mashaya. In aka toshe burtali da gini, shanu ba za su tashi sama ba, gonar wani za su bi, kuma kun san abin da ke biyo baya. A bar kowa ya faɗi nasa. Fadama kam, shawarata a bar ta. Wuri ne da ke ciyar da ku da rani, kuma gidan da aka gina a fadama kullum cikin gyara yake.

Abin da kuka amince a kai, a rubuta shi. A zana taswirar gari ko da a kan kwali ne, a nuna babbar hanya, da hanyar ruwa, da filin makaranta, da ƙarin maƙabarta. Mai gonar da abin ya faɗa a kansa, gari ya haɗa kuɗi ya biya shi ko a yi masa musaya, kada a ce ya yi haƙuri kawai. Dagaci ya kai wa Hakimi, kansila ya kai sakatariya, wurin ma'aikatan ƙasa da safiyo. A nemi su zo su auna, su kafa duwatsun iyaka, a fitar da takarda da sunan gari. In garinku ya shiga ƙasar birni, a wuce da takardar zuwa Hukumar Tsara Birane da ma'aikatar ƙasa ta jiha. A riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Filin makarantar da ba shi da takarda ba shi da katanga, yau a ci masa taku biyu, gobe taku uku, wata rana a wayi gari shaguna sun zagaye shi.

Saura maganar diyya, wadda na san ita ce a zuciyar wasunku. Gwamnati tana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kamar titi ko makaranta ko asibiti. Amma doka ta ce sai an ba mai fili sanarwa. Kuma ku sani, bisa dokar 1978, abin da ake biya shi ne abin da ka yi a kan ƙasar: gini, da rijiya, da shuka, da itatuwa. Don haka ranar da masu ƙiyasi za su zo, kada ka tafi kasuwa, kada ka aika yaro. Ka tsaya da kanka a gonarka. A ƙirga ɗorawa da mangwaro da tsamiya da kuka a gabanka, ɗaya bayan ɗaya, ka ga an rubuta. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da kake nomawa, dokar ta ce ta ba ka wata gonar ka ci gaba da noma. In kuma ta ƙi biyan diyya, gwamna yana da ikon ya sa a ƙiyasta, ya umurce ta ta biya. Mutane ƙalilan ne suka san wannan, shi ya sa ba a nema.

Gonar gado kuma, kada mutum ɗaya ya sayar don shi ne babba. A raba tukuna, mata su san rabonsu, marayu su san nasu. Shari'o'in fili da yawa daga nan suke tasowa, wani lokaci bayan mai saye ya riga ya yi rufi. Duk takardar da aka miƙo maka, ka karanta ta kafin ka sa hannu. In da Turanci take, ka kai wa wanda ka yarda da shi ya fassara maka, ba wanda mai saye ya zo da shi ba. Ka duba ko girman filin da aka rubuta shi ne wanda kuka yi magana a kai, ka duba sunayen maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa.

Ranka ya daɗe, na ga wasu sun zo da takardunsu a aljihu. In an tashi, zan zauna nan gindin bishiya mu duba su tare, ɗaya bayan ɗaya. Iyaye mata su fara, don su koma gida da wuri.