Karatu a Ƙetare da Taimakon Ƙasashe Masu Arziki

 

An nemi in yi bayani a kan taimakon da ƙasashe masu arziki suke bai wa irin namu ta fuskar ilmi, musamman ɗaukar 'ya'yanmu zuwa karatu a wurinsu. Kuma da yake mas'alar tana da faɗi ƙwarai, na ga ya fi dacewa in tsaya a kan abin da ya gudana tsakanin Arewacin Nijeriya da Ingila da Amurka, domin a nan ne muke da hujja wadda kowa zai iya takawa ya gani da idonsa.

Barin gida don neman ilmi al'ada ce da muka gada tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira tun a ƙarni na 13, da dukiyarsu suka gina shi, ba da roƙo ba; Shehu Usmanu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas; shi kuwa Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, ya tafi hajji ya zarce Masar, can ya rasu a 1741 bai komo Katsina ba, wanda ke nuna cewa tafiya babu komowa ma ba a wannan zamani aka fara ta ba. Abin da ya zo sabo shi ne wata daula ta ɗauki nauyin tafiyar, ita ta zaɓi mai tafiya, ita kuma ta zaɓa masa fannin da zai karanta.

A 1945, shekarar da majalisar Ingila ta ware fam miliyan 120 don raya ƙasashen da take mulka cikin shekara goma, aka aika Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu 'yan'uwansa malaman makaranta zuwa Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan, a shekara mai bi kuma Malam Aminu Kano ya bi sawu. Waɗanda suka aike su malaman aji suke nema. Amma mutanen nan, bayan sun zauna da jama'ar ƙasashe dabam-dabam, sun ga yadda talaka ke jefa ƙuri'a ya sauke gwamnati, sai suka komo da abin da ba a aike su ɗaukowa ba, ɗaya ya zama Firayim Minista, ɗaya ya zama jagoran NEPU. Sai dai su 'yan ƙalilan ne, kuma ƙasa ba ta tsayawa a kan mutum biyar ko goma, kome hazaƙarsu.

Wannan ne ya sa a 1959 aka naɗa hukumar Sir Eric Ashby don ta duba bukatun Nijeriya na ilmi mai zurfi, mutum tara, uku 'yan Nijeriya, cikinsu har da Shettima Kashim Ibrahim, uku Ingilishi, uku Amurkawa, gidauniyar Carnegie kuwa ta biya kuɗin aikin. Rahotonsu ya fito a 1960, ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962. A daidai wannan lokaci gwamnatin Kennedy ta Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 don shirin Nijeriya na raya ƙasa na farko. Kada mu yi zaton don Allah kaɗai aka yi haka, gama ruwa ba ya tsami banza: Tarayyar Sobiyat ta buɗe jami'a a Mosko a 1960 don 'ya'yan Afirka da Asiya, kowane ɓangare yana neman zukatan waɗanda za su riƙe mulki gobe, sa'an nan kashi mai yawa na kuɗin nan yakan koma inda ya fito, ta hanyar albashin ƙwararru da sayen kayan aiki daga can. Wannan ba aibi ba ne a wurina. Kowace daula maslaharta take bi, abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu san tamu.

To, a nan nake son ku ba ni aron hankalinku, domin a nan ne aka yi abin da nake ganin shi ne daidai. Maimakon a tsinci ɗalibi ɗaya a nan, ɗaya a can, a ba shi tikiti a ce Allah ya kiyaye hanya, sai hukumar USAID ta Amurka ta ɗaura jami'a da jami'a: Jami'ar Jihar Kansas ta kama sashen aikin gona da na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Jami'ar Pittsburgh ta kama Cibiyar Koyon Mulki ta wannan jami'a a unguwar Kongo, Jami'ar Ohio kuma ta taimaka wa babbar kwalejin horar da malamai ta Kano. Malaman Kansas suka zo da iyalansu suka zauna suna koyarwa. Daga cikin matasan da suka kammala a hannunsu aka zaɓi waɗanda za a aika can su yi digiri na biyu da na uku, alhali kowane ɗayansu, tun kafin ya hau jirgi, ya san kujerar da zai komo ya hau, da ɗakin gwajin da ke jiransa, da Baturen da zai gada. Haka aka yi ta yi fiye da shekara goma, baƙi suna raguwa 'yan gida suna ƙaruwa, har aikin ya koma hannunmu baki ɗaya. Wanda ya tafi a kan wannan sharaɗi ba ya bukatar a ɗaure shi da takardar alkawari, domin yana da abin da zai komo dominsa.

Kuma ilmin bai gudana ta fuska ɗaya ba. David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya yi shekaru yana bin manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi da awo da ƙidaya, a zamanin da malaman gona ke ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona guda alamar jahilci. Lissafinsa ya nuna manomin yana da hujja, don haɗin ya fi ba shi amfani a kan kowace eka, ya kuma kare shi idan damina ta saɓa. Daga baya ya koma Kansas yana karantar da abin da ya koya a ƙauyukan Zazzau.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ingila ta ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin makaranta daga 1980. Tsarin SAP na gyaran tattalin arziki ya zo Nijeriya a 1986, darajar naira ta faɗi, albashin malamin jami'a ya kasa kai shi ƙarshen wata, kayan gwaji suka lalace babu gyara, likitoci da malamai suka kama hanyar Saudiyya da Ingila da Amurka. Har ta kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta yi gargaɗi a 2023 kada a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu, wato matalauci ne ke horar da likita da kuɗin baitulmalinsa, mawadaci ya karɓe shi a nune. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ya dakatar da aika malamai ƙetare daga farkon 2025, saboda tsada da kuma yawan masu maƙalewa, a cikin shekarar 2025 ɗin kuma Amurka ta rufe USAID kanta. Hukumar ta tafi, amma sashen likitancin dabbobi na Samaru yana nan yana yaye likitoci.

Na san akwai masu ɗora laifin duka a kan wanda ya ƙi komowa, kuma lalle wanda aka kashe wa dukiyar jama'a ya rattaba hannu sa'an nan ya gudu, ya ci amana, babu wani ta'awili da zai wanke shi. Amma hukumar da ta aika mutum ya karanci tiyatar zuciya, ba ta tanadi asibitin da zai yi aikin ba, ita ma tana da nata kason.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da shugabannin jami'o'inmu, duk ran da wata ƙasa ta zo da tayin guraben karatu, ko Sin ce ko Turkiyya ko Ingila, kada su sa hannu sai an rubuta cikin yarjejeniyar sashen da ɗalibin zai komo, da kayan aikin da za a tanadar masa, da malamin da za su aiko ya riƙe wurin kafin ya dawo. Ku kuma ɗalibai da ke neman tafiya, ku yi wannan tambaya tun kafin ku nemi biza.