Jawabi Kan Kula da 'Yan'uwanmu Masu Wankin Ƙoda



Akasari ana yi wa mai ciwon ƙoda wanki sau 3 a mako, kimanin awa 4 kowane zama. Na'urar tana tace dattin jini, amma tare da dattin take kwashe bitamin masu narkewa a ruwa, wato dangin B da C. Ɗan jinin da ke maƙalewa a bututu kuwa yakan tafi da sinadarin ƙarfe, shi ya sa ƙarancin jini da kasala suke damun majinyatan.

Sai dai a kiyaye, kada garin neman gira a rasa ido. Bitamin A ba ya fita da wanki, taruwa yake yi har ya cutar. Fotashiyam da ke cikin ayaba da dankali, in ya yi yawa a jini, yana iya tsayar da zuciya. Saboda haka kada a sayo maganin ƙarin jini a kemis, ko a ba da jiƙo, sai da iznin likita.

Ina roƙon ƙungiya ta ware wani kaso don taimaka wa waɗannan iyalai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.