Batirin Waya a Ƙasar Zafi



Duk wanda ya ratsa kasuwar Tsafe ko tashar motar Bungudu a watan Afrilu ya san rumfar mai caji. Rufin kwano ne, ƙaramin janareta na kuka a gefe, wayoyi jere kan katako, kowace da lamba manne a bayanta. Mai waya ya dawo da la'asar ya karɓi abarsa, sai ya ji ta ɗau zafi kamar an sauke ta daga kasko. A nan batirin yake tsufa.

Wayoyin yau, Tecno ce, Itel ce ko Samsung, batirin litiyam ne a cikinsu, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Ana caji, ƙwayoyin litiyam su ƙaura zuwa gefe ɗaya. Ana amfani, su komo. Kowace tafiya kuwa, wasu kan maƙale ba su dawo ba. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninta an ƙera su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500. Zafi ke gaggauta wannan asara. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya raunana batir har abada, alhali bazarar Gusau takan kai 40.

Masana kan ce a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80, kuma gaskiyarsu ce, don batir ya fi wahala idan ya cika maƙil ko ya ƙare ƙaf. Amma mutumin da ba ya da tabbacin yaushe nepa za ta dawo, wa zai ce masa ya zare caja a kashi 80? Ba adalci ba ne a ɗora masa laifi. Abin da ke hannunsa shi ne zafi: ya cire robar bayan waya lokacin caji, kada ya bar ta gaban mota cikin rana ko ƙarƙashin matashi, ya haƙura da kallon bidiyo tana jone da wuta.

Raunin sabis ma na da nasa rabon. Wayar da ke laluben sabis takan ƙara ƙarfi ta zuƙe caji, kamar yadda ta kasance ga wanda ya bar ta a kunne lokacin da aka katse layuka a Zamfara a Satumbar 2021.

Idan kuma bayan waya ya fara tasowa, gilashi na ɗagowa, batir ya kumbura ke nan. Kada a danne shi, kada a huda, kada a sake jona shi. A kai wa mai gyara ya canza, tsohon kuma a nisanta shi da murhu da hannun yara.