Zumunci a Ƙafa Yake: Abin da Muka Gano a Bakin Tekun Gana



An nemi mu tsaya gabanku yau mu ba da labarin tafiyar da muka yi cikin dogon hutun da ya wuce zuwa bakin tekun ƙasar Gana. Mu shida muka tafi, abin da ya kai mu kuwa shi ne ziyarar waɗansu abokanmu, Hausawan zango, waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya da su a nan makaranta kafin su gama su koma gida. Sa'ad da muka tashi, niyyarmu ba ta wuce mu sha iska, mu ɗauki hoto a bakin ruwa ba. Abin da muka komo da shi ya fi wannan nauyi, shi ne kuwa muke so mu shimfiɗa a gabanku.

Daga Ikko muka shiga mota, muka bi gaɓar teku muka nufi yamma. Muka ratsa ƙasar Benin da ta Togo, sa'an nan muka shiga Gana ta garin Aflao. Ba wanda ya nemi biza a hannunmu, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar izinin zaman kwana 90 a ƙasar 'yar'uwarta. Fasfo da katin rigakafin shawara kaɗai muka nuna. Daga Ankara, babban birnin Gana, muka ƙara tafiyar kamar kilomita 150 zuwa Cape Coast, inda masu masaukinmu suke.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne abinci. Da safe aka kawo mana koko da ƙosai, da rana kuma shinkafa da wake, wadda duk mutanen Gana suke kira "waakye", watau kalmarmu ce ta wake suka ara. Hausar zango kuwa ta bambanta da tamu, don sau da yawa ba sa raba namiji da tamace a magana. Da farko mun yi ta dariya a ɓoye. Mahaifin abokinmu, dattijo mai haƙuri, ya lura da mu, ya ce, "Samari, ku yi dariyarku. Amma ku sani Hausar nan da ƙafa ta zo, bisa bayan jakuna, tun ba a san mota ba." Haƙiƙa gaskiya ya faɗa. Fatake ne suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, suka cika kasuwar Salaga, da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 sai da yawansu suka bazu cikin ƙasar. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Daga ranar ba mu ƙara dariya ba.

Kashegari aka kai mu Elmina, wadda ba ta wuce tafiyar rabin sa'a ba. A can ne mutanen Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482 domin cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, daga bisani ta koma hannun Ingilishi a 1872. Daga nesa farin gini ne mai ban sha'awa, ga jiragen masunta masu fenti iri iri sun yi layi a gindinsa. Amma da aka shiga da mu ɗakunan ƙasa, inda ake tsare bayi mako da makonni cikin duhu kafin jirgi ya iso, kana aka nuna mana 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa teku, sai kowa ya mai da na'urar hotonsa aljihu. A bisa kuwa ga ɗakin gwamna, iska tana kaɗawa ta kowace taga.

A nan ne muka fara zagin Turawa, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Abokinmu ya bari muka gama, sa'an nan ya tambaye mu, "To, wa ya kawo mutanen nan bakin teku?" Muka yi shiru. Ya ce hanyar da ta kai goro arewa ita ce ta kawo bayi kudu, kuma kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Daɗin daɗawa, Hausawa ma an sayar da su. An kwashe da yawa ta tashoshin Ikko da Wida, watau gaɓar da muka ratso muna gyangyaɗi a mota, aka kai su Bahiya ta ƙasar Birazil, inda suka shirya tawaye a 1807. Ashe cikin kakanninmu akwai mai saye, akwai mai sayarwa, akwai kuma wanda aka sayar. Wannan magana ba ta yi mana daɗi ba, amma da ba mu da aboki a garin, da mun biya kuɗin shiga, mun la'anci wasu, mun fito da zuciya fara.

Kada ku zaci duk tafiyar baƙin ciki ce. Mun je dajin Kakum, mun hau gadar igiya da aka ɗaura a kan dogayen itatuwa a 1995, wadda bisanta ya kai wajen mita 40 a wani wuri. Wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu shi ya fi kowa salati. Mun kuma ga yadda masuntan Elmina ba sa fita kamun kifi ranar Talata, bisa al'adar da suka gada. Sai dai muna gargaɗin duk wanda ya tashi a bakin rafi da kada ya ɗauki teku abokin wasa. Ɗayanmu ya shiga ruwa iya ƙugu kawai, igiya ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, da ba don wani masunci ya riƙo shi ba, da wani labarin muke ba ku yau. Inda ɗan gari ya ce kada a shiga, to, kada a shiga.

Abu na ƙarshe shi ne haƙƙin mai masauki. Kwana biyar muka yi, daga baya muka gane cewa abokinmu ya ci bashi ne domin ya yi mana hidima. Kilishi da daddawar da muka kai tsaraba ba su kai rabin ɗawainiyarsa ba. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, sai ya san lokacin tashinsa, ya kuma sa hannu a aljihu ba sai an roƙe shi ba.

Wannan haƙƙi bai tsaya kan gida ɗaya ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, har da Hausawan da aka haifa a can. A 1983 gwamnatin Shagari ita ma ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita da kayansu a ka. Da yawanku gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin da ake sa hannu a irin waɗannan takardu. In ranar ta zo, muna fata a sami wanda ya taɓa cin tuwo a gidan wani a ƙetaren iyaka.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya ta buɗe rajistar ɗalibai baƙi da ke cikinmu, domin kada ɗayansu ya yi hutu shi kaɗai a ɗakin kwana alhali muna da gidaje. Mu dai mun riga mun gayyaci abokanmu na Cape Coast zuwa hawan Sallah mai zuwa, sun kuwa amsa.

 Allah ya bar zumunci.