Koren Bashi: Jawabin da Na Gabatar a Zaman Matasanmu

 

An ce in yi magana kan kuɗin kare muhalli. Na san wasu za su ce wannan ai zancen 'yan boko ne a Abuja. To ku ɗan ba ni aron kunne.

A watan Disamban 2017, Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da gwamnatinta ta fitar da takardar bashi ta musamman don ayyukan muhalli, wadda ake kira koren bashi. Ofishin Kula da Basussuka ya tara naira biliyan 10.69, sannan a 2019 aka sake fitar da ta biliyan 15. Sharaɗinsa shi ne ba a kashe kuɗin sai a kan abubuwa irin su wutar sola da dashen itatuwa. Tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 tana cikin shirin da ya amfana da wannan kuɗi. Kun ga ke nan abin ya iso ƙofar gidanmu.

Amma fa, jama'a, ko an shafa masa koren fenti, bashi bashi ne. Na farkon, kuɗin ruwansa ya haura kashi 13 cikin ɗari a shekara, kuma daga baitulmalinmu aka biya. Saboda haka manomin Yusufari da yashi ke cinye masa gona yana da haƙƙin tambaya: bishiya nawa aka dasa, guda nawa suka rayu?

Sai maganar riba, wadda na san tana ran da yawanku. A 2017 ɗin nan dai gwamnati ta fara sukuk na biliyan 100 don gina hanyoyi, mun kuwa ga allunansa a bakin titi. A 2018 Indunusiya ta haɗa biyun, ta fitar da koren sukuk na dala biliyan 1.25. To mu me ya hana mu? Da an yi, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke gudun kuɗin ruwa zai iya zuba jarinsa da kwanciyar hankali.

Ni dai roƙona, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi matsayinsa kan koren sukuk, a gaban jama'a, waya tana ɗauka.