Tsarin Malaman Masallaci a Kano ta Dā

A ƙasashen Turai na zamanin dā, kowace babbar majami'a ta Katolika tana da majalisar limamai masu kula da ibada da taimakon bishof. Wajen shekarar 755 bishof na birnin Metz, Chrodegang, ya rubuta musu ƙa'idar zama tare. Sannu a hankali suka sami muƙamai da gonakin da kowa ke ci daga gare su, har babban taron Lateran na 1215 ya tsara yadda za su riƙa zaɓen bishof.

Kano ta san irin wannan jama'a, amma ta bi wata hanya dabam. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa kimanin 40 suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite. Abin lura shi ne yadda aka raba aiki tun daga farko. Gurdamus ya zama limamin sarki, Lawal ladani, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuwa alƙali. Kada a raina muƙamin mai yanka. A garin da har lokacin ake yanka wa tsafi, wanda ke riƙe da wuƙa shi ke raba halal da haram a kowane akushi.

Akwai saɓani game da lokacin. Wani littafi na ƙarni na 17 kan asalin Wangarawa ya kai zuwan Zaite zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wato lokacin da Shehu Magili ya sauka Kano aka gina masallacin Juma'a. Ruwayar ta biyu ta fi dacewa da Zaite kansa, ko da yake ba ta hana a ce wasu Wangarawa sun riga shi zuwa ba.

Bambancin yana wajen naɗi. Limaman Turai sun kai ga zaɓen shugabansu, ko da yake sarakuna ba su daina sa baki ba. A Kano sarki ne ya naɗa, daga baya muƙaman suka zauna a gidaje ana gadonsu. Shi ya sa tarihinsu ya fi fitowa a sunayen unguwanni, kamar Mandawari da Zaitawa, da kuma sarautar Babban Malami na Madabo. Liman da na'ibi da ladan kuwa, ana samunsu har a masallatan garuruwa irin su Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura.